Bitar littafi na bakwai na Harry Potter: babi na 33 da gardamar da ya bari a kan Severus Snape

Na sayi littattafan Harry Potter guda bakwai a kwali ɗaya, bugun kamfanin Bloomsbury na 2014 wanda Jonny Duddle ya yi wa zanen bango, saboda 'yata mai shekara 14, kuma sai da na karanta kowanne kafin na miƙa mata. Wannan bita ta shafi na ƙarshensu ne, Harry Potter and the Deathly Hallows na J.K. Rowling, wanda ya fara fitowa ranar 21 ga Yuli 2007, aka sayar da kwafi wajen miliyan 11 a Birtaniya da Amurka cikin awa 24 na farko. Duk wanda bai karanta shi ba ya sani cewa zan tona ƙarshen labarin, domin babu yadda za a auna darajarsa ba tare da an taɓo wurin ba.

Ta fuskar bugu ba ni da ƙorafi. Bangon mai laushi ne, shafukan sun haura 600, rubutun ya fito raɗau, kuma bayan ya bi ta hannun mutum uku a gidana babu shafin da ya fita. Turancin ya fi na littafin farko nauyi, sannan tsakiyar labarin tana jan ƙafa, inda Harry da abokansa Ron da Hermione suke ta yawo da tanti daga wannan daji zuwa wancan. Mai karatu ya yi haƙuri, domin abin da ya biya kuɗinsa dominsa yana babi na 33.

Tsawon littattafai shida an nuna mana Snape a matsayin malami mai muguntar baki, kuma a na shida, wanda ya fito a 2005, shi ne ya kashe shugaban makarantar Hogwarts, Albus Dumbledore, a gaban idon Harry. A na bakwai, yana gargarar mutuwa bayan macijiyar Voldemort, mugun matsafin da ke neman ran Harry, ta sare shi, sai ya ba Harry abubuwan da ke cikin ƙwaƙwalwarsa. A nan ne muka gane cewa tun yana yaro yake ƙaunar Lily, mahaifiyar Harry. Cewa shi ne ya kai wa Voldemort labarin hasashen da ya yi sanadin kashe ta. Cewa nadamar hakan ce ta mayar da shi ɗan leƙen asirin Dumbledore. Kuma cewa Dumbledore ne da kansa, wanda ya riga ya san kwanansa ya ƙare, ya nemi Snape ya kashe shi.

Daren da 'yata ta kai wannan wuri, bayan sallar isha'i, ta fito falo da yatsanta a tsakanin shafuka, idonta ya yi ja, ta ce: "Baba, ashe duk tsawon nan zaluntarsa muke yi?" Yayanta, wanda ya riga ta gamawa, ko ɗago kai bai yi ba ya ce: "To, Neville fa?" Waɗannan tambayoyi biyu su ne suka raba masu karatu a duniya tun 2007. Masu ƙaunarsa suna da yawa har ya zo na ɗaya a ƙuri'ar da Bloomsbury ta shirya a 2011 don zaɓen tauraron da aka fi so, kuma babu shakka yadda Alan Rickman ya fito da shi a fim, cikin kamewa da ban tausayi, ya ƙara masa farin jini. Masu ƙinsa kuwa suna tuna cewa a littafi na uku, da aka fuskanci halittar da ke rikiɗa ta zama abin da mutum ya fi tsoro, siffar Snape ta ɗauka a gaban Neville Longbottom, yaro ɗan shekara 13 wanda azabtarwa ta haukatar da iyayensa. Malamin da ɗalibinsa ya fi tsoronsa fiye da komai a duniya yana da tambayar da zai amsa.

Abin da ya sa nake yaba babin shi ne bai wanke Snape tas ba. Lokacin da ya je roƙon Dumbledore, ran Lily kaɗai ya dame shi, bai damu a kashe mijinta da jaririnta ba, har Dumbledore ya gaya masa a fuska cewa ya ba shi ƙyama. Amma marubuciyar ta nuna sauyi a hankali: shekaru bayan haka ya ce waɗanda ya tsaya yana kallon mutuwarsu a baya-bayan nan su ne kawai waɗanda ya kasa ceta, ya hana a furta kalmar ƙasƙancin da shi kansa ya taɓa jifar Lily da ita, kuma da ya zama shugaban makaranta aka kama ɗalibai uku, Neville da Ginny da Luna, suna ƙoƙarin ɗauke takobi daga ofishinsa, sai ya tura su aiki wurin Hagrid, mai kula da dajin makarantar kuma abokin Harry, maimakon ya miƙa su ga masu azabtarwa. Rowling da kanta ta rubuta a Twitter a 2015 cewa ba za a mai da shi waliyyi ba, ba kuma za a mai da shi shaiɗan ba.

Inda littafin ya gaza a wurina shi ne rufewarsa, bayan shekara 19, inda Harry ya raɗa wa ɗansa suna Albus Severus yana kiran Snape jarumin da ya fi kowa a cikin waɗanda ya sani. Jaruntar gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai mu da muka tashi da sanin cewa tuba ba ta cika sai an yi nadama, an daina laifin, sannan an nemi yafiyar wanda aka ci haƙƙinsa, za mu lura cewa sharaɗi na ƙarshe bai samu ba. Harry yana da ikon yafe nasa, amma ba shi da ikon yafe na Neville, ko na Hermione wadda Snape ya yi wa ba'a a kan haƙoranta a littafi na huɗu har ta gudu tana kuka. Da an ba Neville ko da layi biyu ne ya faɗi abin da ke ransa game da mutumin, da rufewar ta yi nauyin da babi na 33 ya yi mata alkawari.

Ina ba iyaye shawarar su sayi bakwai ɗin gaba ɗaya, domin wanda ya fara daga wannan ba zai ji nauyin komai ba, kuma su karanta tare da 'ya'yansu, saboda akwai sihiri da kashe-kashe da suke buƙatar bayanin babba. 'Yata ta koma littafin farko washegari, tana neman wurin da Hermione ta cinna wa rigar Snape wuta a filin wasa bisa zaton yana yi wa Harry asiri, alhali karya asirin wani yake yi domin kada yaron ya faɗo daga kan tsintsiyar da yake tashi sama da ita. Yayanta kuwa har yau bai sauya ra'ayi ba.