Otel ɗin bakin teku a Saly: abin da kuɗinmu ya saya mana da wanda bai saya ba

Tun da muka dawo Yamai 'yan uwa da abokan aiki ke tambayata ko otel ɗin da muka sauka a Saly ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma tsarin da muka biya ba shi ne ya dace da iyali irin namu ba, kuma wanda ke shirin tafiya da tsohuwa da yara ya kamata ya ji wannan kafin ya tura kuɗin kama ɗaki.

Asalin tafiyar ziyara ce. Inna ta daɗe tana son zuwa Kaulaha, Madina Baye, wurin kabarin Shehu Ibrahim Inyass, Allah ya ƙara masa yarda. Da Allah ya nufa, sai na ga bai kamata mu je har Senegal mu dawo ba ta ga teku ba. A Tawa aka haife ta, a can ta tsufa, ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne tafkin Tabalak da kogin Isa idan muna ƙetare gadar Kennedy. Daga Kaulaha muka bi gudron ta Fatick zuwa Mbour, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, Saly kuwa tana manne da Mbour ta arewa. Wanda zai zo kai tsaye daga gida ya fi mu sauƙi: filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a watan Disamban 2017 yana Diass ne, tsakanin Dakar da Mbour, ba sai ka shiga cunkoson Dakar ba. Kuɗi babu canji, sefar da ke aljihunka ita ce tasu. Agogo kawai za ka mayar baya da awa guda.

Ba zan faɗi sunan otel ɗin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan rubuta, kuma na lura yawancin manyan otel-otel na wannan gaɓar tsarinsu ɗaya ne. Tun shekarun 1980 gwamnatin Senegal ta ware Saly don masu yawon buɗe ido, akasarinsu daga Faransa da Beljiyam, kuma da su a rai aka gina komai. Wannan shi ne tushen duk abin da ya yi mana daɗi a wurin da duk abin da ya dame mu.

Ɗakunan ba su da laifi. Ƙananan gidaje ne masu rufin ciyawa daga waje, a warwatse cikin lambu mai itatuwan kwakwa da furanni, ciki kuwa siminti ne da tayil, gado mai faɗi, zanen gado fari tas da ake canzawa ba sai ka roƙa ba, kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai sanyi ba ƙara. Wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, ruwan zafi ma haka. Mun kama ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, Inna da yara a ɗaya, ni da uwargida a ɗaya. Abin da ba a gaya mana ba shi ne nisan da ke tsakanin ɗakunanmu da wurin cin abinci. Ga mai lafiyar ƙafa ba komai ba ne, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa aiki ne. Da na yi magana, washegari suka mayar da mu kusa ba tare da ƙarin ko dala ba, kuma wani yaro ma'aikaci ya riƙa zuwa da 'yar motar lantarki yana ɗaukarta. Wannan na yaba musu ƙwarai.

Teku kuwa, shi ne abin da ba ni da ta cewa a kansa sai godiya ga Allah. Da yammar farko muka riƙe Inna har bakin ruwa. Ta tsaya ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta ce da ni: "Ɗan nan, ina ɗaya gaɓar?" Na ce Inna, ɗaya gaɓar sai Amurka. Ta yi tasbihi, ta duƙa ta ɗebo ruwan da hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce gishirin Bilma ma bai kai wannan ba. Daga ranar kullum bayan asuba sai ta sa a kai mata kujera bakin ruwa, ta zauna da carbinta har rana ta fito. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yadda ruwan ke ja da baya ya bar yashi a fili, bayan wasu awoyi ya dawo ya rufe wurin, sau biyu a yini da dare, ba ruwan sama ba komai. Na yi mata bayanin cewa wata ne ke jan sa. Ta ce wanda ya halicci watan dai.

Akwai dalilin da ya sa wannan gaɓar ta dace da mutanen da ba su iya ruwa ba irinmu. Tsinin ƙasar da Dakar ke kansa yana tare manyan igiyoyin da ke zuwa daga arewa, shi ya sa tekun kudu da Dakar ya fi na arewa kwanciya. Ban da haka, shekarun baya ruwa ya cinye bakin tekun Saly har ya kai bangon wasu otel-otel, sai aka jera manyan duwatsu cikin ruwa da kuɗin Bankin Duniya, aka sake zuba yashi. Bayan waɗannan duwatsun ruwan lumui yake, yarana sun shiga har ƙugu suna ihu. Duk da haka ban saki hannun ƙaramin ba. Akwai mai tsaron masu wanka a kan doguwar kujera, amma yana tashi da maraice, kuma teku ba ya da amana ga wanda bai san shi ba.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Mun biya tsarin nan da ake haɗa maka komai a kuɗi ɗaya: kwana, abinci sau uku, da abin sha duk yini. Kowane ɗaki ya haura jika ɗari a dare. Aka ɗaura mana wani zobe na roba a hannu, alamar an biya. Sai da muka zauna na gane cewa babban rabon "abin sha duk yini" giya ce. Bature yana zaune bakin pisin, wato wurin ninkaya na otel, daga hantsi zuwa dare ana cika masa kofi, shi yana cin kuɗinsa har da riba. Mu kuwa ruwa ne, da lemun kwalba, da zoɓo, da wani kunun kuka mai sanyi da suke yi da madara, wanda gaskiya ya yi daɗi, amma kofi nawa mutum zai sha? Ke nan mu da ba mu sha mun taya masu sha biyan nasu. Wannan ya tsaya mini a rai, ba don asarar kuɗin kawai ba. Otel a ƙasar da galibin mutanenta Musulmi ne, da ma'aikata da ke shimfiɗa kwali bayan kicin suna salla, ya kamata a ce yana da farashi dabam ga wanda ba ya shan giya. Na faɗa wa shugabar masu karɓar baƙi haka. Ta saurare ni da ladabi, ta ce akwai tsarin kwana da karin kumallo da abincin dare kawai, da shi ya fi mana. Gaskiyarta, amma a shafinsu na intanet wancan mai tsadar suka sa a gaba da manyan haruffa.

Abincin kansa kashi biyu ne. Kifi ba a magana: da safe ake kawo shi daga masunta, a gasa a gabanka, a matsa lemun tsami. Mu da muka saba da kifin kogi da busasshe, wannan wani abu ne dabam. Ranar da suka dafa shinkafa da kifi irin ta Senegal, mai jan miya da rogo da kabeji da yalo, da ranar kaza mai albasa da lemun tsami, mun ci har mun yi nauyi. Sauran ranakun girkin Turawa ne, ganye ɗanye da cuku da naman da ba yaji ba gishiri. Inna ta duba teburin daga farko har ƙarshe ta ɗauki burodi da ayaba. Uwargida ta yi dabara tun daga gida ta ƙullo yaji da garin kunu, shi ya cece mu, kuma masu kicin ba su taɓa ƙin dama mata kunun ba idan ta kai musu. A kula kuma: akwai naman alade a teburin karin kumallo. An rubuta a jiki, amma da ƙananan haruffa da Faransanci, kusa da naman sa. Na ja kunnen yara kada su ɗauki nama sai sun tambaye ni.

Banɗaki babu buta, babu bututun tsarki, sai takarda. Ɗaki babu dardumar salla, babu alamar alƙibla. Alƙiblar ba wuya, ka fuskanci gabas ka ɗan karkata hagu, amma otel mai karɓar wannan kuɗin bai kamata ya bar baƙo yana yanka gorar ruwa da wuƙa ba. Mai share mana ɗaki, wata baiwar Allah mai yawan fara'a, ita ta kawo mana buta daga ɗakin ma'aikata, ta kuma kwashe kwalaben giyar da ke cikin ƙaramin firij ba tare da mun maimaita ba. Ranar Juma'a mai gadi ya nuna mini masallaci a cikin gari, tafiyar ƙafa.

Shigar masu wanka ita ma sai an shirya mata. A bakin pisin Turawa kusan tsirara suke, kuma wurinsu ne kamar yadda yake namu, ba wanda zai hana su. Mu muka zaɓi ƙarshen yashi inda ba cunkoso. Uwargida ta shiga ruwa da doguwar rigar wanka mai rufe jiki, a teku ba wanda ya ce mata kanzil, amma a pisin wani ma'aikaci ya zo yana in-ina cewa sai da kayan wanka. Ta nuna masa cewa yadin na wanka ne, ya ba da haƙuri ya tafi. Ranta ya ɓaci, ba ta sake shiga ba. Da dare kuma akwai kiɗa da rawa har wajen sha biyu, kuma a titin da ke wajen otel za ka ga tsofaffin Turawa maza da mata riƙe da yaran da ba su wuce jikokinsu ba. Mutanen garin da na zanta da su abin yana damunsu fiye da yadda ya dame ni. Bayan isha ba mu fita da yara ba.

Abu ɗaya da na lura da shi kuma ba zan ɓoye ba: a wurin cin abinci wasu masu hidima sun fi saurin zuwa teburin farar fata. Ba duka ba, kuma ba da wulaƙanci ba, sabo ne da tunanin inda tukuici zai fito. Bayan kwana biyu da suka saba da mu, musamman da Inna da suke zuwa gaisarwa suna durƙusawa, abin ya canza.

Ranakun da suka fi mana armashi su ne waɗanda muka fita. Da la'asar muka je tashar masunta ta Mbour lokacin da jiragen kamun kifi masu fenti kala-kala ke dawowa, samari na shiga ruwa har ƙirji suna fitowa da akwatunan kifi a ka, amalanken doki na jira, mata na ciniki da ƙarfi. Akwai ƙarni, akwai turereniya, amma a nan ne yarana suka ga cewa teku gonar wasu ce. Wata rana muka gangara kudu zuwa Joal, garin da aka haifi Senghor, shugaban ƙasar Senegal na farko, a 1906, muka taka gadar katako zuwa tsibirin Fadiouth, wanda ƙasarsa duk ɓawon kifin wuri ce, mota ba ta shiga. A can akwai maƙabarta guda da Musulmi da Kirista ke binne matattunsu. Gandun dajin Bandia yana kusa, amma ba mu je ba. Wanda ke da raƙuman dawa a Kure, kilomita 60 daga Yamai, ba zai biya kuɗi ya kalli waɗanda aka kawo daga wata ƙasa ba. A hanyar dawowa daga Mbour muka tarar da mai gashi, ashe ɗan Dogon Dutsi ne. A Senegal gashin mutanenmu ya yi suna, da sunan Hausawa ma ake kiransa. Ya cika mana takarda da nama da yaji da albasa, ya ƙi karɓar kuɗin rabon Inna. Duk waɗannan ranakun abincin ranar da muka riga muka biya a otel ya tafi a banza, wanda ya ƙara nuna mini kuskuren wancan tsari ga mai son fita.

Game da lokaci, daga Disamba zuwa Fabrairu Turawa ke gudo wa sanyinsu, farashi yana sama kuma ruwan teku da sanyi. Damina tasu daga Yuli ne zuwa Oktoba, da sauro da danshi. Ga mutumin Nijar, Afrilu da Mayu sun fi, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 kuma bakin teku na da iska da dare. Intanet ɗin otel yana aiki a zauren baƙi, a ɗaki kuwa sai an yi haƙuri, gara ka sayi layin waya na ƙasar.

Ranar tafiya a duba takardar lissafi layi-layi. Akwai harajin kwana da gwamnati ta ɗora wa kowane baƙo, wannan doka ce, ba ya cikin kuɗin da ka biya tun farko. Amma mun tarar an sa mana kuɗin kwalaben da aka kwashe daga firij kamar mu muka sha, sai da aka kira mai share ɗakin ta shaida kafin a goge. Motar otel zuwa filin jirgi kuma ta ninka kuɗin taksin da ke tsaye a bakin ƙofa, hanya ɗaya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Mai gadi ne ya kira mana wani direba da ya sani, muka yi ciniki kafin mu sa kaya a but.