Gyaran kicin a Katsina: na dubu 300, na miliyan ɗaya da rabi, da irin na GRA

Ƙanwata, kin ce kicin ɗinki a Ƙofar Ƙaura ƙafa 8 ne da 10, daɓen ya farfashe, hayaƙi ya baƙanta bango, ruwan wanke-wanke kuma yana kwanciya a bakin ƙofa. Kin kwashi adashin dubu 300, maigida ya ce ki dakata zuwa kaka ya cika miki miliyan ɗaya da rabi, ga shi kuma ranki ya biya da irin na matar yayanki a GRA. Kina tambaya ki fara yanzu ko ki jira.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin siminti da tayil bai zauna wuri ɗaya ba, don haka da kaya zan yi miki lissafi. Ki ɗauki takarda ki shiga kasuwa ki cike kuɗin da farashin ranar.

Dubu 300 kuɗin gyara ne, bai kai na sauya fasali ba. Abin da ya cancanci ya fara cin su shi ne hanyar ruwa: a sa bututun roba mai inci 2 daga wurin wanke-wanke zuwa kwata ko sokawe, da gangare mai kyau, ba wanda ruwan shinkafa da maiƙo za su toshe cikin wata biyu ba. Bayansa sai ƙasa. Ɗaki mai ƙafa 8 da 10 bai kai murabba'in mita 8 ba. Kwalin tayil mai 60 da 60 guda huɗu ne a ciki, kwali shida ya ishe ki har da abin da za a yanke a gefe. Ki zaɓi mai kaushi. Mai sheƙin nan yana da kyau a shago, amma ranar da miyar kuɓewa ta zube a kansa za ki gane kurenki. Sauran canjin ki faɗaɗa taga, a sa raga, a kankare bango a yi fenti mai mai, wanda ake gogewa da soso. Kabet babu shi a wannan lissafin. Kafinta ya kafa miki katako biyu ko uku a bango ki jera kuloli da samiru, shi ke nan.

Da miliyan ɗaya da rabi kuwa za a yi miki kanta, wato dogon teburin aikin girki da ke jikin bango, kuma a nan nake so ki natsu. Kanta iri biyu ake yi a garin nan. Akwai wadda birkila ke ginawa: ya ja ƙafafu da bulo mai inci 6, ya ɗaure rodi, ya zuba kankare a sama, a lulluɓe da tayil, a bar ramin sinki, daga baya a sa ƙofofin alminiyam ko na katako a ƙasa. Akwai kuma wadda kafinta ke haɗawa gaba ɗaya da allon MDF ko HDF, ya kawo a mota ya jingina da bango. Ta kafinta ta fi kyan gani ranar farko, ta fi yawan durowa, kuma kwana biyu an gama kafawa. Sai dai MDF da HDF duk garin katako ne aka matse da gam. Da zarar ruwa ya samu hanya ta gefen sinki sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya komawa. Ga gara, wadda duk mai tsohon gida a cikin birni ya san aikinta. Ga kyankyasai da ke samun maɓoya tsakanin allo da bango. Ta siminti ba ruwanta da duk wannan. Ki sauke tukunyar tuwo daga wuta ki ɗora a kai, ki watsa ruwa ki wanke, yara su hau su sauka. In ƙofa ta lalace ƙofar kaɗai za a canza. Ni in kuɗina ne, ƙasa siminti, sama kuma kabet na allo, tunda can ruwa ba ya kaiwa.

Abu ɗaya: ki tsaya a kan birkila ranar awo. Tsayin kanta yakan kama santimita 85 zuwa 90, faɗinta 60, amma wurin da za a ɗora teburin gas a sauke shi ƙasa da haka. In aka yi shi daidai da sauran, ga tsayin murhun ga na tukunya, sai ki ga kina tuƙin tuwo muciya na kai miki kafaɗa. Masu zanen kicin na Turai ba su san tuƙi ba, birkilan da ke kwaikwayon hoton waya kuma ba shi ne zai yi girkin ba. Kankaren kuma a riƙa ba shi ruwa har mako guda, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da siminti tun bai kama ba ya tsattsage.

A cikin wannan kuɗin ne kuma za a sake wayarin. Soket na firji daban, na bilanda da butar lantarki daban, da waya mai kauri, wadda masu wayarin ke kira 2.5, a saman kanta nesa da famfo. Tukunyar gas mai kilo 12.5 a fitar da ita waje, mai walda ya yi mata keji a inuwa, a huda bango a shigo da tiyo. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya, shi ya sa kulle tukunya cikin kabet marar huda ganganci ne. Wannan aikin bai da tsada, ko a lissafin dubu 300 ki matsa ki saka shi.

Na matar yayanki kuma wani sha'ani ne. Miliyoyi ake magana: saman kanta na dutsen giranit, kabet har silin, murhun da aka binne cikin kanta, oben a bango, na'urar zuƙe hayaƙi. Galibi daga Kano ake ɗauko kayan, wani lokaci har da ma'aikatan, sai ki ƙara kuɗin mota da masauki. Giranit ya cancanci kuɗinsa, yana jure zafi da wuƙa. Mabul ne ban ba ki shawara ba, don ruwan tsamiya da lemon tsami suna cin fuskarsa, manja kuma yana barin tabo. Na'urar hayaƙin ma sau da yawa ado ce: in ba a huda bango an fitar da bututunta waje ba, iskar ɗakin take juyawa, in babu wuta kuma ko juyawar babu. Taga biyu masu kallon juna sun fi ta aiki a zafin watan Afrilu.

Ki kuma lura da abin da ba a ɗauka a hoto. Kusan duk gidan da ke da irin wannan kicin yana da na biyu a tsakar gida, inda kurfoti da turmi da tukunyar suna suke. Can ake daka, can ake suyar naman layya, can ake komawa ranar da gas ya ƙare. Gawayi ba a hura shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa, itace kuma wata ɗaya ya ishe shi ya ɓata farin kabet. Ke da har yanzu kike haɗa gas da gawayi, rumfar kwano huɗu da daɓen siminti a gefen kicin ta fi miki oben amfani, kuma ita ce za ta hana sabon fentin komawa gidan jiya.

Ga yadda zan yi in ni ce. Ba zan jira kaka hannu rabbana ba, domin kuɗin da aka ajiye a ɗaki biki da suna ne ke cinye su, kayan gini kuma ba sa jiran kowa. Zan yi bututun ruwa, taga, kejin gas da rumfa yanzu, tunda babu wanda za a fasa daga baya. Tayil ɗin ƙasa zan saya in jingine a sito, in ƙara kwali ɗaya, don in kin koma neman irinsa bayan wata shida da wuya ki samu launin ya zo daidai. Ba za a shimfiɗa shi ba sai an gina ƙafafun kanta, in ba haka ba a kansa za a kwaɓa siminti, a farfasa miki rabi.

Wajen ma'aikata, ki yi jinga da kowa a kan aikinsa, birkila daban, mai tayil daban, mai famfo daban, kuma kayan ke ko maigida ku sayo da kanku. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai sa mutum ya fara aiki. Cikon sai an buɗe famfo a gabanki kin ga ruwa ya bi hanyarsa, an kuma ƙwanƙwasa tayil kin ji babu mai ƙarar rami. Kada kuma a fasa miki kicin ana saura mako biyu azumi, don mako biyun ma'aikaci yakan kai wata.