Yanayin Asali da Yanayin Kariya: Me ke Hana Manhaja Taɓa Ma'adanar Wata?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa a zamanin MS-DOS, tsohuwar babbar manhajar Microsoft mai tafiyar da kwamfuta, kuskuren manhaja ɗaya kan daskarar da kwamfuta gaba ɗaya, alhali a yau mai laifin kaɗai ake rufewa. Amsar tana cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai zartar da umarni, domin a cikin yanayoyin aikin furosesoshin Intel akwai guda biyu da suka sha bamban wajen sada manhaja da ma'adanar RAM, inda ake ajiye bayanan manhajojin da ke aiki.

A yanayin asali, wanda shi kaɗai furosesar 8086 ta shekarar 1978 ta sani, adireshin da manhaja ta ambata shi ne ainihin wurin da za a taɓa. Adireshin kashi biyu ne, lambar yanki da tazara daga mafarin yankin; furosesa takan ninka lambar yankin sau 16, ta ƙara tazarar, sannan ta wuce kai tsaye zuwa wannan gurbi a cikin megabait 1 ɗin da take iya kaiwa, ba tare da ta binciki mai shi ba. Saboda haka babu abin da zai hana manhaja yin rubutu a kan DOS kanta.

Yanayin kariya, wanda ya zo da 80286 a 1982, ya sauya matsayin lambar yanki, ta koma manuniya zuwa wani jadawali da babbar manhaja ke tanada, inda aka rubuta mafarin kowane yanki, da iyakarsa, da ko rubutu ya halatta a cikinsa, da kuma matakin izinin da ake buƙata, daga 0 mafi ƙarfi zuwa 3. Ana yin wannan bincike a kan kowane karatu da rubutu. Idan manhaja ta ƙetare iyaka, furosesa takan tsayar da umarnin tun bai zartu ba, ta miƙa ragama ga babbar manhaja, ita kuma ta yanke hukunci.

A ganina katangar da ta fi ƙarfi ita ce wadda 80386 ta ƙara a 1985, wato raba ma'adana zuwa shafuka masu kilobait 4. Kowace manhaja tana da taswirarta, wadda rajistar CR3, wata 'yar ma'ajiya a cikin furosesa, ke nunawa, kuma ana musanya taswirar duk lokacin da aka koma kan wata manhajar. Manhajoji biyu za su iya ambata adireshi ɗaya amma su sauka a wurare daban-daban. Shafin da ba ya cikin taswirarka kuwa, ba hana ka shiga kawai aka yi ba, ba ka ma da adireshin da za ka neme shi da shi. A kan wannan tsari Linux da Windows NT suka dogara, kuma matakai biyu kaɗai suke amfani da su, 0 ga cibiyar babbar manhaja, 3 ga sauran manhajoji.

Sai dai furosesa kayan aiki kawai take bayarwa, babbar manhaja ce ke shata iyakoki. Windows 3.1 ta 1992 a yanayin kariya take aiki, amma ta zuba manhajojinta a fili guda, shi ya sa suka ci gaba da ɓata wa juna bayanai. Haka nan har yau, direban na'ura, wato manhajar da ke sarrafa wani kayan kwamfuta, da ke zaune a mataki na 0 in ya yi kuskure, yana iya kayar da kwamfutar baki ɗaya.