Talabijin mai doro ko tsohuwar monita: wacce za ka haɗa wa MAME?

Ɗan'uwa, ka ce kana da talabijin mai doro inci 21 a gida Tudun Wada, ga kuma monitar kwamfuta inci 17, ita ma mai doro, da ka samo a Sabon Gari, kana son sanin wacce ta fi dacewa da Street Fighter II da Metal Slug a MAME, manhajar da ke kunna wasannin injinan gem na da a kwamfuta. Na gwada duka biyun.

Rigimar duk a kan lamba ɗaya take. Allon injinan gem na da yana zana layi wajen 15,700 a daƙiƙa, abin da ake ce wa 15kHz, kuma yawancin wasannin hotonsu bai wuce layi 240 ba. Street Fighter II, wanda Capcom ya fitar a 1991, ɗigo 384 ne a kwance, layi 224 a tsaye. Talabijin ɗinka ma a 15kHz take aiki, ɗanjuma ne da ɗanjummai. Ita monita daga 31kHz take farawa. Ka ba ta 15, sai ta yi baƙi ƙirin ta ƙyale ka.

To amma monitar ba ta da wahala. Ka soka wayar VGA, MAME ya ninka layukan zuwa 480, ka kunna saitin da ke sa baƙaƙen layuka a tsakani, shi ke nan. Kafin isha'i kana bugawa. Aibinta, ƙarama ce, sai ka nemo lasifika daban, kuma hoton ya cika kaifi, har kana ƙirga ɗigogin fuskar Ryu, jarumin Street Fighter.

Talabijin kuwa, juya ta ka duba bayanta tukuna. In tokumbo ce ta Turai, mai yiwuwa ka ga wata faffaɗar kafa mai rami 21, SCART ke nan. Ta nan ja da kore da shuɗi suke shiga kowanne daban, irin yadda injin asali yake yi. In kafofin biyu ne, galibi AV1 ce ke karɓar haka. Sai dai kwamfuta ba ta fitar da 15kHz da kanta. Kana buƙatar tsohon katin hoto na Radeon, da CRT Emudriver, manhajar da ke sa katin ya fitar da 15kHz, da GroovyMAME, wani nau'in MAME da aka yi don allo mai doro, da wayar VGA zuwa SCART. Kuma kada ka kunna talabijin sai Windows ya gama tashi, don kafin nan 31kHz kwamfutar ke turowa. Aiki ne na kwana biyu zuwa uku, amma ranar da Metal Slug ya fito a kai, wallahi za ka manta wahalar.

In kuma kafar nan mai ruwan ɗorawa kaɗai gare ta, Raspberry Pi 3, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, zai iya ba ta layi 240 ta nan, launukan dai suna ɗan cuɗewa. Ga wata matsalar: mu nan tsarin talabijin na PAL muke, mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa (50Hz), wasannin kuma a kusan 60 suke gudu. Ka bar shi a PAL, wasa ya riƙa jan ƙafa ko tsalle. Ka sa NTSC, tsarin da ke gudu a 60, in talabijin ɗin ba ta san shi ba, hoto ya koma fari da baƙi.

Ni a ganina, in akwai SCART, talabijin ba ta da abokiyar takara. In babu, kuma ba ta karɓar NTSC, kada ka wahalar da kanka, kama monitar.

Ko wacce ka ɗauka, sa mata sitabilaiza, ka lulluɓe ta lokacin hunturu in ba a kunne take ba. Kada ka buɗe bayanta da kanka, wutar ciki takan kai bolt 25,000 kuma tana zama ko an cire soket. Bar wa masu gyara. Lasifika kuma nesa da gilashin. Ni na taɓa jingina babba a gefen tawa, maganaɗisun ya mai da kusurwa ɗaya ruwan hoda, sai da mai gyara ya zo da na'urarsa ya goge tabon.