Kundi biyar na Vampire Weekend: na uku ne gwanina

Duk wanda kunnensa ya taso da kiɗan Kwango, irin wanda ya cika shagunan kaset da wuraren biki a ƙarshen shekarun 1990, zai gane jitar da ke cikin "Cape Cod Kwassa Kwassa" tun kafin mawaƙin ya buɗe baki. Siririya ce, tas da ita, tana 'yan tsalle-tsalle a kan ganga. Masu kaɗa ta ne za su ba shi mamaki: samari huɗu da suka haɗu a Jami'ar Columbia da ke birnin New York a 2006. Ezra Koenig ke rerawa yana kaɗa jita, Rostam Batmanglij na kan fiyano kuma shi ne furodusa, Chris Baio na riƙe da jitar bes, Chris Tomson na kan ganguna. Kwanan nan na sauke kundinsu biyar a waya na bi su a jere, wani lokaci da iyafis, wani lokaci ta sifikar mota.

Na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a Janairun 2008 a ƙarƙashin XL Recordings, kamfani mai zaman kansa a Landan. Waƙa 11 ne cikin minti 34 ko kusa da haka, kuma gajartar nan tana cikin daɗinsa. "A-Punk" da ƙyar ta wuce minti biyu, kafin ka gama gyara zama ta ƙare. "M79" cike take da gogen Turawa, sai ka ce daga wani ɗakin kiɗan gargajiya na Turai aka ɗauko ta. Babu hayaniya ko kaɗan, kowane kayan kiɗa kana jin sa a wurinsa.

A lokacin sun sha suka, ana cewa 'yan babbar jami'a sun kwaso kiɗan Afirka suna ado da shi. Su ma da bakinsu suka jawo wa kansu, don sun taɓa kiran salonsu "Upper West Side Soweto", wato sun haɗa unguwar masu hali ta New York da Soweto ta Afirka ta Kudu. An yi ta kwatanta su da kundin Graceland na Paul Simon, na 1986, wanda shi ma ya ɗebo kiɗan Afirka. Ni dai aron bai dame ni ba. Rumbar Kwango kanta daga faya-fayan Kyuba ta ɗebo jijiyarta, kuma ba wanda ya ce haramun ne. Abin da ya dame ni shi ne aron bai yi zurfi ba. A wurin 'yan Kwango irin su Kanda Bongo Man, da Diblo Dibala a kan jita, daɗin yana can inda waƙa ta juya, jita biyu ko uku suka sarƙe da juna suna zagayawa minti bayan minti har sai mai rawa ya jiƙe. Waɗannan samarin sun ɗauki sautin jitar sun bar wannan juyin. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk da haka kundin yana da fara'a, kuma shekarun ba su tsufar da shi ba. Sai dai a kula, layin farko na "Oxford Comma" akwai ashar a ciki, ba ta gaban yara ba ce.

Contra, na Janairun 2010, shi ya fara kai su matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. A nan Rostam ya shigo da na'urori, gangar kwamfuta, ɗan rege, ɗan ska. A "California English" an bi muryar Ezra da Auto-Tune, manhajar gyaran murya, abin da masu sharhin Amurka suka ɗauka sabon abu a wurin ƙungiya irin wannan, amma kunnen da ya saba da waƙoƙin nanaye ba zai ko ɗaga gira ba. "Diplomat's Son", mai minti shida, wadda aka saka guntun muryar mawaƙiya M.I.A. a cikinta, ita ce zakarar kundin. Sauran na saurara na wuce.

Sai Modern Vampires of the City, Mayun 2013. Nan na tsaya, nan kuma nake yawan komawa.

Hoton bangon ma ya faɗi komai: New York ce cikin hazon hayaƙi a 1966, baƙi da fari. Jitar Kwango ta ɓace kusan gaba ɗaya. Fiyano ya dawo gaba, da ogan, da ganguna masu nauyi da ake ji kamar a wani tsohon ɗaki aka buga su. Rostam ya haɗa hannu da furodusa Ariel Rechtshaid, suka riƙa wasa da muryar Ezra, su ja ta ƙasa ta yi kauri, su cilla ta sama ta zama ta yaro. A "Diane Young" hakan na faruwa cikin kalma ɗaya, tana hawa tana sauka. Ezra yana da shekara 29 a lokacin, kuma ya daina waƙar ɗakin karatu da hutun bakin teku. Tsufa yake yi wa waƙa, da mutuwa, da imani.

"Hannah Hunt" ita ce waƙar da zan miƙa wa duk wanda ya ce in ba shi guda ɗaya. Kusan minti uku tana tafiya a hankali, murya ƙasa-ƙasa, labarin mutum biyu da suka ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, amana tana zubewa a tsakaninsu kaɗan-kaɗan. Kana shirin cewa shi ke nan, sai ganga ta faɗo, fiyano ya buɗe, Ezra ya ɗaga murya har tana neman tsagewa. Abin bai fi minti ɗaya ba aka rufe. Da wani ne, da ya maimaita wurin sau uku ya lalata shi. Wannan haƙurin, na sanin inda za a riƙe da inda za a saki, shi ne abin da babu a kundin farko. "Step" ma haka take, a natse, ba ta gaggawa.

Akwai inda na ja baya, kuma gara in faɗa. Ezra Bayahude ne, kuma a "Ya Hey" da "Unbelievers" yana magana da Ubangiji cikin sigar tuhuma da kokwanto, irin ta mai jayayya. Ba izgilin banza ba ne, ana jin mutumin da abin ya dame shi da gaske, amma wanda ya fahimci Turancin zai iya jin nauyinsu a ƙirji. Ni nakan tsallake "Ya Hey". Kundin ya ci Grammy a 2014, kuma ya cancanta.

A Janairun 2016 Rostam ya bar ƙungiyar, aka yi shiru har Mayun 2019, sannan Father of the Bride ya fito a ƙarƙashin Columbia Records, babban kamfani wannan karon. Waƙa 18, kusan awa guda. Ezra ya koma Los Angeles da zama, kuma rana ta shiga kiɗan: jitar katako, ɗan salon kiɗan ƙauyen Amurka, waƙoƙi uku da suke karɓa-karɓa da mawaƙiya Danielle Haim, ga mawaƙi Steve Lacy a "Sunflower". "Harmony Hall" tana cikin mafi kyawun abin da suka taɓa yi. Afirka ma ta dawo, amma ta ƙofar gaba: "Rich Man" an gina ta ne a kan jitar S. E. Rogie, makaɗin Saliyo da ya rasu a 1994, kuma an rubuta sunansa cikin masu waƙar. Wannan ya fi min mutunci a kan abin da suka yi a 2008. Matsalar kundin tsawo ne. A tsakiya yana yin sanyi, kuma akwai waƙa biyar ko shida da in an cire su ba wanda zai yi cigiya. Shi ma ya ci Grammy a 2020, amma a wurina bai kama ƙafar na uku ba.

Only God Was Above Us ya zo a Afrilun 2024. An ɗauko sunan ne daga kanun wata jarida da ake gani a hannun wani mutum a hoton bangon, maganar wanda ya tsira daga jirgin saman kamfanin Aloha da rufinsa ya yaye a sama a 1988. Sun dawo waƙa 10, sun dawo New York da tunaninsu, amma tsabtar nan ta da sun watsar da ita da gangan. Jita tana ƙara tana ƙeƙewa, fiyano na gudu kamar zai faɗi, kakaki na kutsowa ba sallama. "Capricorn" tana farawa lafiya lau sai wata ƙara ta danne ta a tsakiya. A sifikar waya duk wannan cakuɗewa yake ya zama surutu, don haka kada a yanke masa hukunci sai an ji shi da iyafis mai kyau. Da na yi haka sai "Classical" da "Connect" suka buɗe min, na ga ashe hargitsin a tsare yake. "Hope", ta ƙarshe, ta kusa minti takwas, ta fi kowace waƙarsu tsawo, kuma ba ta gundure ni ba.

Wadda na fi maimaitawa a kundin ita ce "The Surfer", mai tafiyar hawainiya, fiyano a lulluɓe, kakaki can nesa. Tun jin farko na ce wannan da ƙamshin 2013 take. Da na duba sunayen waɗanda suka yi ta, sai ga Rostam a ciki.