Sharhi Kan Rangadin Masallatan Tsohon Birnin Alƙahira Tare da Jagora

Kamfanin da na yi ciniki da shi a Alƙahira yana shirya rangadin yini guda zuwa masallatai da gine-ginen tarihin Musulunci, kuma kuɗin da ake biya ya haɗa da mota, da tikitin shiga, da jagora mai jin Larabci da Turanci. Jagoran ya cancanci ladansa, domin masani ne mai haƙuri da tambaya, amma yadda kamfanin ya raba lokaci tsakanin wuraren bai yi wa birnin adalci ba, kuma a kan wannan ne nake da ƙorafi.

Mun fara da ganuwar da Salahuddin al-Ayyubi ya soma ginawa a kan tudu a shekarar 1176, inda aka cinye mafi yawan safiya a masallacin Muhammad Ali, wanda aka ɗora harsashinsa a 1830 bisa salon Turkawa. Yana da kyau, kuma daga farfajiyarsa ana hango birnin, sai dai sabon gini ne idan aka gwada shi da abin da ke ƙasan tudun.

A masallacin Sultan Hassan ne na ga amfanin jagora. An fara ginin a 1356, zamanin Mamalik, kuma mai shiga sai ya bi wani lungu mai duhu da lanƙwasa, kamar yadda ake ratsa zaure da shigifa kafin a kai tsakar gida, sannan ya ɓulla cikin fili mai haske wanda manyan rumfuna huɗu na dutse suka kewaye, da sarƙoƙin fitilu suna reto daga sama. Jagoran ya nuna mana ƙofofin makarantu huɗu da ke kusurwoyin filin, kowace ta mazhaba guda, har da ta Malikiyya da muke bi. Ya tsayar da mu a rumfar alƙibla, ya sa muka ɗaga kai muka bi ayoyin Suratul Fathi da aka sassaƙa da rubutun Kufi a jikin bango, haruffan suna zaune a kan zanen ganyaye masu murɗewa, aikin da ido ba ya gajiya da shi. Daga bakinsa na ji cewa an kashe sarkin a 1361 ba a ga gawarsa ba, don haka ba ya kwance a ƙarƙashin ƙubbar da ya gina wa kansa a bayan mihirabi, haka nan ƙyauren tagulla na asali na ƙofar shiga masallacin yana can a masallacin Mu'ayyad kusa da Bab Zuwaila. Wanda ya zo shi kaɗai zai wuce duk wannan bai sani ba.

Masallacin Ahmad bin Tulun, wanda aka kammala a 879, shi aka zalunta. Gini ne na jan bulo da aka shafe da farar ƙasa, mai faffaɗan fili da jerin bakan gizo masu tsini, ga hasumiya wadda matakalarta ke zagaye ta daga waje irin ta Samarra a Iraƙi. Mun isa da la'asar, ina tsakiyar hawa hasumiyar direba ya fara kira, alhali kafin nan an ajiye mu tsawon lokaci a wani shagon turare da tsaraba wanda ba ya cikin jadawalin da aka ba mu. Baƙon da ya biya kuɗi don ya ga gini mai shekaru sama da dubu bai kamata a kai shi cinikin da bai nema ba.

A Azhar, wadda aka buɗe a 972 zamanin Faɗimiyyawa, an ba mu damar yin salla a natse, kuma na yaba da hakan. Da na tambayi jagoran labarin ɗaliban ƙasarmu, sai ya yi bayanin ruwaƙin Barnawa, wato sashen da aka ware wa masu neman ilimi daga Borno da maƙwabtanta. Titin Mu'izz kuwa, inda ginin Sultan Ƙalawun da asibitinsa suke, da sassarfa muka ratsa shi bayan magariba.

Wanda zai yi wannan rangadi ya nemi a rubuta masa jadawalin kafin ya biya, ya ce a fara da Bin Tulun da Sultan Hassan tun da sanyin safiya, a cire shago, a bar Titin Mu'izz zuwa wata rana ta daban. Ya kuma kauce wa hantsin Juma'a, domin ana dakatar da zagayen baƙi a masallatan idan lokacin salla ya gabato.