Tazara ɗaya ta cinye min aikin wata uku: sharhina kan ajin koyon Linux

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, ga tsohuwar HP ɗina ba ta isa ta ɗauki Windows 11 ba, ƙanina ya matsa min sai da na sa Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, a madadin Windows. Kwamfutar da a da sai in kunna ta in je in sha shayi in dawo, yanzu tashi take kamar an tsikare ta. Daɗin haka ya sa na biya kuɗin ajin Asabar da Lahadi a wata cibiya da ke wajen Terminus a nan Jos, don a koya min baƙin allon nan na buga wa kwamfuta umarni da ake kira taminal.

Makon farko lafiya lau: pwd ya nuna maka inda kake, ls ya jero abin da ke wurin, cd ya kai ka wata folda. Abin dariya shi ne sudo, umarnin da ke neman kalmar sirri kafin ya ba ka ikon mai kula da kwamfutar. Ina buga kalmar sirri ba na ganin komai, ko tauraro ɗaya, har na ce kibod ɗina ya mutu. Ashe haka aka yi shi da gangan.

A mako na biyu aka yi ta. Malamin, yaro ne da na girme shi nesa ba kusa ba, ya ce kowa ya ƙirƙiri fayilolin gwaji da touch, sannan ya share su da rm *.txt. Bai ce mu buɗe sabuwar folda ba, ni kuma ina cikin Documents, inda ayyukan kwastomomina suke, yawanci furojet ɗin ɗaliban jami'a da nake buga musu. Sanyin safiyar nan ya ƙandarar min da yatsu, na sa tazara tsakanin tauraron da .txt ban lura ba. Na danna Enter. Layi ɗaya ya fito na ƙorafin cewa babu fayil mai suna .txt. Na buga ls. Wayam! Tauraro shi kaɗai yana nufin kowane fayil, rm kuwa ba ya kai abu kwandon shara, ba ya tambaya. Gumi ya keto min a cikin rigar sanyi.

Da na kira shi, dariya ya fara yi, wai kowa sai ya sha wannan sau ɗaya. Wallahi saura ƙiris in gaya masa baƙar magana. Amma da ya ga fuskata sai ya natsu ya ce, "Yaya, kashe ta yanzu, kada ku sake ajiye komai a kanta." Ya tayar da ita daga filashinsa, ya kunna wata manhaja, PhotoRec, ya juye abin da ta tsinto a wani faifai daban. Bai tafi ba sai bayan La'asar, bai karɓi ko sisi ba. Yawancin takardun sun dawo. Da a ranar aka ba ni takardar auna cibiyar, da maki goma zan ba su cikin goma.

Sai da na koma gida na ga sauran aikin. Sunayen fayilolin duk sun tafi, sai harafin f da jerin lambobi. Kwana uku ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina neman na wane ne. Babi na huɗu na wata ɗaliba bai dawo ba sam, da hannuna na sake buga mata shi kyauta, ga magana da na sha. Abin da ya fi ƙona min rai, a mako na uku ne ya koya mana rm -i, wanda ke tambayarka kafin ya share. Haba Malam! Ka ba mutum wuƙa, sai da ya yanke za ka nuna masa mariƙinta?

Kuma tunda an zo nan: ranar da aka ɗauke wuta, karo-karon man janareta aka sa mu yi, alhali ba a faɗa ba lokacin biya. Mu goma sha ɗaya a kan soket biyu. grep mai neman kalma a cikin fayil da chmod mai saita izinin fayil kuwa a ranar ƙarshe aka ratsa su a guje, har yau 755 ɗin nan da ake bugawa da chmod haddace shi kawai na yi. Satifiket an ce sati biyu. Jiya na sake leƙawa, wai mai sa hannu ya tafi Abuja.